Kati ya ƙare, likita sun ce a dawo

Na hangi maza a baya can suna kallon ƙofa tun da aka faɗi kan magana. Ku zauna don Allah, zancen ya shafe ku fiye da yadda kuke tsammani.

Yau ba zan yi gardamar ko ya kamata mace ta sha ƙwayar hutun haihuwa ko bai kamata ba. Wannan gardama an yi ta a rediyo, an yi ta a fada, an yi ta a makarantar mazaje tun da aka faro ta a jihar Damagaram. Matar da nake son mu yi zancenta ta riga ta wuce nan. Ta yi shawara, ta tafi likita, an auna ta, an buɗe mata karne, an ba ta katin pilil na farko. Tambayata ita ce: kati na biyu fa? Na biyar fa? Na goma fa? Domin samun katin farko ba shi da wuya a Nijar ta yau, musamman a birni. Wahalar duk tana wajen sabuntawa.

Bari mu fara da lissafi, tunda a nan yawancinmu mun zauna benci. Katin Microgynon da ake bayarwa a likitar gwamnati ƙwaya 28 ne. Guda 21 su ne masu maganin, guda 7 na ƙarshe, masu launin ƙasa-ƙasa, na ƙarin jini ne kawai, an sa su don kada hannu ya manta da sha kullum. Kenan kati kwana 28 yake yi, ba wata guda ba. Shekara tana cin kati 13, ba 12 ba. In aka ba mace kati ɗaya ranar 5 ga wata aka ce ta dawo ranar 5 ga watan gobe, an riga an rubuta mata giɓin kwana biyu ko uku tun ba ta fita daga ɗakin ba. Ba rashin hankalinta ba ne, kalanda ce.

Kuma giɓin nan bai faɗo ko'ina ba sai wuri mafi muni. Aikin ƙwayar shi ne ta hana jikin mace sakin ƙwai. Cikin kwana bakwai ɗin da take shan masu launin ƙasa, jiki ba ya samun maganin, sai ya soma farkawa kaɗan-kaɗan. An yi lissafin ne yadda sabon kati zai zo ya sake kwantar da shi kafin ƙwai ya fito. In sabon kati ya makara, hutun kwana bakwai ya zama goma, to ƙofa ta buɗe. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce wadda ta fara sabon kati da jinkirin kwana uku ko fiye, sai ta yi kwana bakwai tana sha a jere kafin ta sake dogara da shi. Mai shayarwa kuwa, wadda ake ba Microlut, nata ya fi tsanani: ba hutu tsakanin kati da kati, kuma jinkirin da ya wuce awa uku ma ana ƙirga shi mantuwa ne. Awa uku! Ga wadda ake ce ma ta dawo mako mai zuwa.

Akwai wani adadi da ake yawan faɗi. In ana shan pilil daidai ba fashi, cikin mata 100 ko ɗaya ba ta cika yin ciki a shekara ba. Yadda mutane ke sha a zahiri kuwa, wajen 7 cikin 100 ke yi. In an kawo wannan adadi sai a ce ai mata ne ke mantuwa. Ana mantuwa, ba musu. Amma wadda ta tashi da sassafe, ta biya kabu-kabu, ta zauna layi har azahar, aka ce mata babu, ita ma cikin bakwai ɗin nan ake jefa ta, alhali ba abin da ta manta.

To mi ke faruwa in ta je? Abin da zan faɗa, daga bakin matan da muke zama da su a unguwanni na ji shi, kuma na san akwai waɗanda ke zaune nan da za su ce na rage.

Wani wuri kati uku ake ba ta, wani wuri ɗaya tal. In ɗaya ne, sau 13 kenan za ta zo a shekara. Ku ɗauka kabu-kabu dala hamsin ne zuwa, dala hamsin dawowa: jikka shida da rabi a shekara, don karɓar abin da aka ce kyauta ne. Wannan a cikin gari. Ba a sa yinin da ta rasa a kasuwa ba, ba a sa lakcar da ɗaliba ta rasa ba, ba a sa izinin da ma'aikaciya za ta nema wurin shugabanta namiji ba, ta tsaya tana kame-kamen abin da za ta ce mishi. Ɗakin tsarin iyali a wurare da yawa da safe yake aiki, kuma sajfam ɗin da ke bayar da pilil ita ce mai awon ciki, ita ce mai karɓar haihuwa. In naƙuda ta zo, dole ta tashi, kuma ba wanda zai ce ta yi laifi. Masu pilil sai su jira, ko su tafi.

Sai batun idon jama'a, wanda mu ƴan birni muke yi kamar mun wuce shi. Likitar unguwa ta unguwa ce. Bencin da za ki zauna, kowa ya san na mi ne. Matar wan mijinki ta kawo yaro rigakafi, maƙwabciya ta zo awo. Zuwa ɗaya ana iya cewa ciwon kai ne. Zuwa goma sha uku fa? Kowane zuwa wata dama ce ta labari ya kai kunnen uwar miji kafin ke ki isa gida. Akwai matan da mazansu sun sani sun yarda, amma su biyun ba su son dangi su ji. Wannan sirri nasu ne, kuma tsarin kati ɗaya-ɗaya shi ke tona shi.

Sai tambayoyi. Mace na da karne, sunanta na cikin rajista, wata takwas tana karɓa. Ta tarar da sabuwar ma'aikaciya, sai a koma farko. Ina maigidan? Ya sani? Ƴaƴanki nawa? Ɗaya kawai, kike shan wannan? In matashiya ce, sai a dube ta sama da ƙasa a tambayi ko tana da aure, a gaban mutane. In kuma ta makara da kwana biyu, sai a ce ba za a ba ta ba sai ta ga al'ada, ta dawo da shaida. Ku duba wannan da kyau: an mayar da ita gida ba kariya, ta jira makonni, don a tabbatar ba ta da ciki. Cikin makonnin nan ne cikin ke shiga. Alhali akwai jerin tambayoyi da ma'aikatan lafiya suka koya don gane hakan, akwai gwajin fitsari, kuma OMS ta bayyana cewa ba a san wata illa da pilil ke yi ma cikin da aka sha ta a kanshi bisa rashin sani ba.

Babban duka shi ne kalmar nan da ko wanda bai yi lakwal ba ya haddace: ruptir. Ya ƙare, ba a kawo ba. Wani lokaci da ita ake haɗawa da tayi: babu pilil, amma akwai allura, akwai na sawa a hannu. Ni ba ni da faɗa da allurar wata uku, ko Sayana Press da mace ke iya koyon yi ma kanta, ko Implanon mai shekara uku, ko Jadelle mai shekara biyar. Hanyoyi ne masu kyau, sun fi pilil ƙarancin kuskure, kuma mata da yawa sun fi jin daɗinsu. Amma wadda ta zaɓi pilil tana da dalilinta. Wata allura ta rikita mata jini. Wata hutun shekara ɗaya kawai take so. Wata kuma so take abin ya kasance a hannunta, ranar da ta ga dama ta aje, ba sai ta je ta roƙi a cire mata ba. In an ce mata ko ki karɓi wannan ko ki tafi hannu wofi, ba zaɓi aka ba ta ba.

Wani zai ce ta tafi farmasi mana. Mai kuɗi tana tafiya. Wata farmasi za ta sayar mata, wata ta ce sai da ordinans, ordinans kuwa sai an ga lokotoro, ganin lokotoro sai an biya, an kuma yi layi. Akwai pilil Sutura ta ƙungiyar Animas-Sutura, mai sauƙin kuɗi, ta taimaki mata da yawa, amma ba kowace ta san inda za ta same ta ba ranar da nata ya ƙare. Wadda ta rasa duka, sai mai tallar magani a tire, farmasi-par-ter. Mu ƴan Maraɗi mun san ta inda kayan nan ke shigowa. Katin da ya yini bisa kan mai talla cikin ranar watan Afrilu, zafi ya haura 40, ba a san ranar da ya lalace ba, ba a san ko na gaskiya ne ba. Mai tallar kuma ba zai tambaye ki ko kina shayarwa ba, balle ya auna tansiyo. Zai miƙo miki duk wanda ke cikin tiren.

Yanzu, don kada a ce mun zo cin naman ma'aikatan lafiya. Sajfam ɗin da ke ba da kati ɗaya, sau da yawa ba mugunta ba ce. Ta buɗe kabad ta ga abin da ya rage, ba ta san ranar da mota za ta zo daga distirik ba. In ta ba mata goma kati shida-shida, mata hamsin za su koma ba komai. Sai ta yi rabon da uwa ke yi in tuwo bai isa ba. Matsalar daga sama take gangarowa, kuma ya kamata mu san hanyarta.

Tun 2006 Nijar ta mayar da kayan tsarin iyali kyauta a likitocin gwamnati, tare da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. A shekarar ce kuma aka yi doka mai lamba 2006-16 ta ranar 21 ga Yuni, wadda ta amince cewa lafiyar haihuwa haƙƙi ce. Wannan abin alfahari ne, ƙasashe da yawa ba su kai nan ba a lokacin. Amma kyauta ba ta nufin ba mai biya. Tsarin shi ne likita ta yi aiki, ta tura takardu, gwamnati ta mayar mata da kuɗi. Kuɗin sun yi ta makara, bashi ya taru shekara da shekaru, duk wani majo zai ba ku labari. Su kuma kayan kansu ba a ƙasar nan ake yin su ba, kuma kaso mafi girma abokan tallafi ne ke saye, UNFPA a gaba. Daga jirgin ruwa zuwa tashar teku, daga can zuwa rumbun ONPPC a Yamai, zuwa jiha, zuwa distirik, zuwa CSI, zuwa ƴar likitar ƙauye. Kowace gaɓa sai an cika takarda, sai an sami mota da mai. Bayan 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, hanyar Kwatano ta toshe, har magunguna suka maƙale a iyaka. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma kaya suka ci gaba da zagayowa ta Lome da Burkina, hanya mai tsawo da tsada. A farkon 2025 kuma Amurka ta dakatar da ayyukan USAID, wadda a lokacin take cikin manyan masu sayen kayan tsarin iyali a duniya. Kowa da ra'ayinshi kan waɗannan abubuwa, ba shi ya tara mu ba. Abin da nake cewa kawai, matar Zariya ko Ali Ɗan Sofo da ke riƙe da katin da saura ƙwaya biyu, igiyar da ta ɗaure ta ta kai har can. Kuma in muna zancen ƴancin kai da gaske, ƙwayar da matanmu ke sha kullum ya kamata ta sami layinta mai ƙarfi cikin kasafin kuɗinmu.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, shi ne yadda muke ƙirga nasara. Nijar na cikin ƙasashe tara da suka kafa ƙawancen Wagadugu a 2011, kuma burin ƙawancen da yawan ƙarin matan da suka shigo ake faɗin shi. In an yi gangami, a ce an sami sababbi kaza, a tafa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mace a Nijar na haihuwar ƴaƴa 7,6 a matsakaici, na 2021 ya nuna 6,2. A 2012 ɗin matan aure 12 cikin 100 ne ke amfani da hanyar zamani, kuma wajen rabinsu pilil suke sha. Kenan ba ƙaramar hanya ba ce, ita ce wadda matan ƙasar nan suka fi sani. Amma matar da ta zo aka ce mata babu, a wane shafi ake rubuta ta? In ta gaji ta daina zuwa, sai ta faɗa cikin waɗanda aka ce sun bari. Daga nan a kira taro a otel a ce al'ada ce, jahilci ne, mazaje ne. Wata shida bayan haka ta dawo likitar nan dai, wannan karo layin awon ciki, da goyon wata takwas a baya. Rurrutsa. A yaye yaro ba shiri, ita kuma jini bai gama dawowa ba. OMS na ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki, kakanninmu ma da shekara biyun shayarwa suka san shi. Wannan matar ta yarda da shawarar, ta bi ta da ƙafarta. Mu ne ba mu cika namu ba.

To mi ya kamata a yi? Abin mamaki, ba sabon abu muke nema ba. Ƙa'idojin OMS sun daɗe da cewa a iya ba mace pilil har na shekara guda a zuwa ɗaya, gwargwadon buƙatarta da abin da ke akwai, kuma tsarin sabuntawa ya zama mai sauƙi yadda za ta samu a lokacin da take so. Ba a buƙatar duba al'aura kafin a ba da pilil. Abin da ke da muhimmanci shi ne awon tansiyo da ƴan tambayoyi. A 2019 ma hukumar ta ƙara da cewa a bari masu shan pilil su iya samunta ba tare da ordinans ba.

A nan zan tsaya in ja kunne, don kada wata ta fita ta ce an ce awo banza ne. Microgynon ba ta kowa ba ce. Mai hawan jini, mai shekara 35 ko fiye da ke shan taba, mai ciwon ɓarin kai irin wanda ke zuwa da walƙiya ko dishi-dishi a ido, wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, mai shayar da jaririn da bai kai wata shida ba, duk waɗannan sai a nema masu wata hanya. Mai shan maganin tarin fuka, rifampisin, ko wasu magungunan farfaɗiya, ita ma ta faɗa, don suna rage ƙarfin ƙwayar. Wannan awo na da amfani, a yi shi da farko, a riƙa maimaita shi kamar sau ɗaya a shekara, ko duk ranar da ta ji wani abu ya canza. Amma awon tansiyo minti biyar ne. Ba shi ne zai sa lafiyayyar mace ta yi sawu goma sha uku ba.

Kafin a gyara, ga abin da za ku kai ma ƴan uwanku yau. Kada a jira kati ya ƙare. Ranar da kika shiga layin ƙarshe, ranar za ki tafi, kuma ki buɗe baki ki nemi fiye da ɗaya, ki ce kina son na ajiya. Ki tafi da tsohon katin a jaka, ko ki ɗauki hotonshi a waya, don in kin je wata likita ko farmasi a ba ki irinshi, kada a musanya miki Microlut da Microgynon. In an ce babu a nan, ba a ɗaure ki da likita ɗaya ba, akwai wata CSI, akwai asibitin ANBEF inda take da shi. In giɓin ya riga ya faru, kwana uku ko fiye, ki fara sha ranar da kika samu, sannan kwana bakwai a yi amfani da kwaroron roba, Foula ɗin nan da kowa ya sani, ko a haƙura. Mai Microlut, kwana biyu. In kuma an sadu cikin giɓin, akwai ƙwayar gaggawa da ake sha cikin kwana biyar, gwargwadon saurin sha gwargwadon aikinta, kuma ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, hana shi shiga take yi. Maza, kwana bakwai ɗin nan a hannunku suke. Kuma ba abin da ya hana namiji ya biya farmasi a hanyarshi ta dawowa daga aiki, ko ya raka matarshi ya tsaya bakin ƙofa, tambayar "ina maigidan" ta mutu nan take.

Namu aikin kuma a matsayin matasa masu waya da baki, ina ganin a kusa yake, ba sai mun je Yamai ba. Kowace CSI na da kwamitin gudanarwa, COGES, wanda mutanen unguwa ke ciki. Mu nawa a nan muka taɓa halartar zamanshi? A can ne ake iya tambayar majo cikin ladabi: kwana nawa aka yi ba Microgynon a wata ukun da suka wuce? Takardar ajiyar kaya tana nuna shi, ba asiri ba ne. Kati nawa ake ba wadda ta daɗe tana karɓa, kuma wa ya yanke hakan? Za a iya ware ko yamma ɗaya a mako don masu sabuntawa kawai, su karɓa su wuce ba tare da bin layin awo ba? Relai ɗin unguwa, da ake yarda da ita ta shiga gida-gida, za a iya ba ta ta riƙa kai ma wadda aka riga aka auna? In majo ya ce laifin distirik ne, sai mu ce madalla, a rubuto, mu raka takardar.

Abu ɗaya nake roƙo mu fara daga wannan watan. Duk wadda ta je aka ce mata babu, ko ƙanwarku ce, ko matarku, ko maƙwabciya, a rubuta rana, da irin ƙwayar, da abin da aka ce mata. Ba suna, ba lambar waya, ba hoton kowa, kuma ba don a sa a Facebook a zagi wata ma'aikaciya ba. A kawo mu haɗa, in mun yi wata uku mu ɗauka mu je zaman kwamiti da shi. Akwai sajfam tare da mu a nan gaba, ta ce za ta amsa tambayoyin da suka shafi jiki, wadda ba ta son tambaya a fili ta rubuta a takarda ta miƙo.